Wasiƙun Tsohon Tela

Shafi na 14

"Ina ka kai Baba?"

Ko sallama Yaya ba ta yi ba. Ta bankaɗo ƙofar ofishin, Sakatariya na biye da ita tana haki.

"Hajiya, don Allah, taro zai shiga..."

"Ke matsa mini. Ƙanena ne, ni na goya shi."

Dokta ya ɗago kai daga takardar da ya shafe makonni yana gyarawa. Shi ne mai ba gwamnati shawara kan tattalin arziki, kuma yau zai tsaya gaban ministoci ya ce a daina yafe haraji ga masu shigo da ɗinkakkun kaya daga waje. Duk ginin babu mai ɗaga masa murya. Amma yayarsa ba a ginin take aiki ba.

"Yaya, lafiya? Wane Baba?"

"Baba nawa gare ka?"

"Ba abin da nake nufi ba ke nan. Me ya same shi?"

"Ni za ka tambaya? Na je kai masa magani na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ta ce da sassafe mota ta zo. Ya fito da rigarsa mai kyau, da jaka, har kan keken ɗinkinsa aka ɗora a bayan mota. Yana ta fara'a yana ce mata Autana ya aiko a ɗauke ni."

Dokta ya miƙe a hankali.

"Ban aika kowa ba."

"Auta, ba na son wasa."

"Wallahi ban aika kowa ba."

Ta zuge jakarta ta fito da ledar magunguna ta dire a kan takardarsa.

"Ka ga wannan? A wurina suke zama, don idonsa ba ya bambance su. Na hawan jini bai sha ba yau. In mamaki kake son ba ni, na yi mamakin, ya isa. Faɗa mini gidan in kai masa."

"Wane gida?"

"Gidan da ka ce ka gyara masa!"

"Ni? Yaushe na ce? Yaya, rabon da Baba ya yi mini magana tun bara. Na kira, na kira, wayarsa a kashe."

"Ka kira ka gaji. Hanyar gidan kuma fa, ita ma a kashe take?"



Ta sake zira hannu a jaka. Wannan karon damin takardu ta fito da shi, an ɗaure da ƙyallen yadi irin wanda teloli ke zubarwa. Ta watsa su a teburin.

"A ƙarƙashin teburin yankansa na same su, bayan na sa an karya kwaɗon. Ka ce wannan ma ba kai ba ne."

Ya ɗauki ta sama. Takardar ofishinsa ce, da tambarin ofishinsa, da sa hannunsa a ƙasa.

*Mun karɓi wasiƙarka mai muhimmanci. Za a duba ta a lokacin da ya dace. Muna godiya da kishin ƙasarka.*

Ya ɗauki ta biyu. Magana ɗaya. Ta uku ma haka.

"Wannan ai amsar da muke aika wa jama'a ce."

"Jama'a," Yaya ta maimaita. "Ni nake karanta masa su. Ka san yadda ake karanta wa tsoho muna godiya da kishin ƙasarka daga bakin ɗan cikinsa? Sai ya ce in sake. In sake. Ya ce to, an gode. Shi ya sa ni ma na daina ɗaga wayarka, in ba ka sani ba."

"Tsaya, tsaya. Baba rubuto mini yake yi?"

"Sai yau ka sani?"

"Ban taɓa ganin ko ɗaya ba! Me zai sa Baba ya rubuto mini wasiƙa kamar baƙo?"

"Ku kuka ce ya rubuto."

"Mu wa?"

Wani ɗan sauti ya fito daga bakin ƙofa. Suka juya. Sakatariya ce ta dafe baki da hannu.

"Yallaɓai... wani dattijo ya taɓa kiran layin ofis. Bara."

"Sai me?"

"Ya ce a ba shi Auta. Na ce babu mai wannan suna a nan. Ya ce to mai ba da shawara. Na ce..." Muryarta ta yi ƙasa. "Na ce duk mai ƙorafi ko shawara ya rubuto a rubuce. Haka ka ce in riƙa faɗa."

"Bai ce miki mahaifina ba ne?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi, madalla, zan rubuto. Ya kashe."

Yaya ta yi tsaki.

"Baba ne zai tsaya yana gabatar da kansa a ofishin ɗansa? Ranar ya jefa wayar a durowa, ya aike ni sayen takarda da biro mai kauri."

Dokta ya koma ya zauna. Ya ci gaba da bankaɗa takardun, sai hannunsa ya tsaya. Na ƙasa ba irin na sama ba ne. Takarda ɗaya, tambari ɗaya, amma magana ta canza.

*Baba, ka yafe mini. Aiki ne ya sha kaina. Na karanta duk abin da ka rubuto, kuma ka fi duk masanan da ke kewaye da ni gaskiya.*

*Baba, zan riƙa turo abokina ya duba ka. Ka ɗauke shi kamar ni.*

*Baba, kada ka gaya wa Yaya tukuna. Ina so sai komai ya kammala.*

"Wannan ba ni ba ne."

"Sa hannun wa ke nan?"

"Nawa ne. Amma ba ni ba ne."

"Auta, ko dai aikin nan ya taɓa ka? In ya taɓa ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne."

"Yaya, ki duba da kyau. Yaushe na taɓa ce wa Baba ka yafe mini?"

Ta kalle shi. Fushin fuskarta ya fara sauka, tsoro ya hau.

"Gaskiya ne," ta ce a hankali. "Ko ranar da ka ƙona masa yadin mutane da dutsen guga ba ka faɗa ba."

Ya juya ga Sakatariya.

"Wa ke da hatimin sa hannuna?"

"Ɗaya yana wurina. Ɗaya yana ƙasa, ɗakin wasiƙu."

Bai ɗauki hula ba, bai ɗauki waya ba. Sakatariya ce ta wawuro wayar ta bi su. Lif ya ƙi zuwa, suka bi matakala, Yaya tana riƙe da ledar magani tana ambaton Allah a kowane hawa.

Tun da aka naɗa shi bai taɓa shiga ɗakin wasiƙu ba. Ɗaki ne mai tsawo ba taga, fanka na juyawa tana ɗaga gefen takardu. Manyan kwanduna biyu a kan kanta. A bayansu wata mace mai jiki, tabarau a goshi, wadda duk ginin ke kira Uwar Fayil. Tana ganinsa ta ture kofin shayinta bayan wani kwali.

"Yallaɓai da kansa! Da ka aiko ai..."

"Akwai wani dattijo da ke rubuto mini. Tela ne."

Fuskarta ta washe.

"Tsohon tela namu! Kai, Yallaɓai, wannan tsoho. Ai mu nan in wasiƙarsa ta zo sai an tsayar da aiki. Akwai wadda ya ce ku masu ilimi kuna auna ƙasa da tef ɗin awo da ya miƙe, shi ya sa duk rigar da kuka ɗinka mata take shaƙe ta a wuya. Akwai kuma wadda ya ce..."

"Mahaifina ne."

Fara'ar ta ɓace daga fuskarta. Wani ma'aikaci mai furfura da ke jera ambulan a can ƙurya ya sauke hannu.

"Na'am?"

"Mahaifina ne. Me ya sa ba a taɓa hawo mini da ko ɗaya ba?"

"Yallaɓai, ƙa'ida ce." Ta nuna kwandunan. "In an sa sunanka a bayan ambulan, wannan kwando, ta hau sama ba a buɗe ba. In muƙaminka aka sa, wancan kwando, ta jama'a ce, mu buɗe mu amsa. Shi kuma kullum Zuwa Ga Mai Ba Gwamnati Shawara yake sawa. A ƙasa ya sa Ɗan Ƙasa Mai Biyan Haraji, Tsohon Tela. Ko sau ɗaya bai ce ɗana ba. Mu ina za mu sani?"

"Taurin kai," Yaya ta ce da hawaye a ido. "Shi da ɗan nasa, babu na zaɓe."

Dokta ya miƙa wa Uwar Fayil ɗaya daga cikin masu neman yafiya.

"Wannan fa, ku kuka rubuta?"

Ta sauko da tabarau ta karanta. Ta girgiza kai.

"Mu ba ma rubuta irin wannan. Amsarmu ɗaya ce tun kafin a kawo ka. Wannan aikin mutuminka ne."

"Wane mutumina?"

"Wanda kake turowa."

"Ba na turo kowa!"

"Yallaɓai, ya za ka ce haka? Ya zo da katin shiga a wuya. Ya ce kana haɗa takarda kan harkar ɗinkakkun kaya, kana son duk wasiƙar da ta shafi teloli. Ya ce daga yanzu ta tsohon nan ofishinka ne zai amsa da kansa. Yakan zauna a kujerar can ya buga hatimi, ya gode mana ya tafi."

"Kika ba shi hatimina?"

"Da sunanka ya zo. Kuma ya san maganar takardar tun kafin mu mu ji ta."

Dokta ya kalli Sakatariya. Ta ɗaga hannu biyu.

"Wallahi ban gaya wa kowa ba."

"Yaya yake? Kamanninsa?"

"Dogo ne, fari, da ɗan gemu," in ji Uwar Fayil.

"Dogo kuma?" mai furfura ya sa baki daga ƙurya. "Wannan ai bai kai ni ba. Kuma ba shi da gemu, gashin baki gare shi."

"Kai wanda kake faɗa mai gyaran na'ura ne."

"Mai gyaran na'ura ai shi ne mai gemun."

"To ko su biyu ne?"

"Maƙwabciya ta ce mace ce a gaban motar," Yaya ta ce.

Duk suka kalle ta.

"Mace?"

"Haka ta ce. Ko ta ce direban ne ya yi kama da mace? Ni ban sani ba, Auta, kaina ba ya tare da ni a lokacin."

"Sunansa fa? Katin ai da suna."

Uwar Fayil ta sosa goshi.

"Kullum a juye yake rataye shi. Mu Abokin Yallaɓai muke ce masa."

Wayar da ke hannun Sakatariya ta yi ƙara. Ta duba, ta matso.

"Ofishin Minista ne. An fara zama."

"Ki ce ina zuwa."

"Me zan ce ya tsare ka?"

"Ki ce komai!"

Uwar Fayil ta yi kamar za ta yi magana, ta fasa, ta sake buɗe baki.

"Yallaɓai... akwai wata wasiƙar tsohon da ta shigo cikin jakar wasiƙun safe. Bai zo ɗauka ba tukuna. Ban ma buɗe ba."

Ta laluba kwandon jama'a ta zaro ambulan. Manyan haruffa ne, sun karkace, wasu sun hau kan wasu, rubutun mutumin da ke kai hancinsa kusa da takarda kafin ya ga layi. Dokta ya gane shi nan take. Da wannan rubutun aka cike masa takardar shiga makaranta.

Ya karɓa, bai kai ga buɗewa ba. Yaya ta fizge ta yage bakin ambulan.

"Kawo, ni na saba."

Ta fara karantawa a fili.

*"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Zare ya ƙara tsada, amma yau ba wannan ya kawo ni ba."*

Uwar Fayil ta ja hanci.

*"Auta."*

Yaya ta tsaya. Sannan ta ci gaba.

*"Auta, na yafe maka tun wasiƙar farko, na dai ja aji ne. Abokinka yaron kirki ne. Yana karanta mini saƙonka a hankali, ba kamar yayarka da ke karatu kamar ana bin ta ba."*

"Ji fa," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ji sakayya."

"Ci gaba, Yaya."

*"Na yarda zan zo in zauna a gidan da ka gyara. Ban gaya mata ba, kamar yadda ka roƙa, amma ka shirya, za ta yi faɗa. Zan taho da kan keke, don ban yarda da zaman banza ba. Abokinka yana yawan tambayata labarinka. Ya ce me ka fi tsoro tun kana yaro. Na ce ba ka tsoron komai sai yayarka. Ya ce a'a, Baba, me zai rasa ya kasa tsayuwa da ƙafarsa. Na ce wannan kuma sai ka tambaye shi, ni da na ɗauka ni ne, sai na ga ya shekara lafiya lau ba ni. Muka yi dariya."*

Babu wanda ya yi dariya a ɗakin. Fanka kawai ke juyawa.

"Bai faɗi unguwa ba?" Dokta ya tambaya. "Titi? Komai?"

Yaya ta juya takardar.

"Babu. Sai dai ya ce ka zo da wuri, ya ɗinka maka riga, yana so ya ga ko ka yi ƙiba."

Dokta ya dafa kantar da kwandunan ke kai. Abubuwa suka riƙa zuwa masa a cakuɗe. Wa ya san takardar? Shi, Minista, Sakatariya, da masu buga ta. Wa ya gane tsohon tela mahaifinsa ne, alhali ofishinsa ma bai gane ba? Wani ya zauna ya karanta abin da shi bai karanta ba, ya je gidan da shi bai je ba, ya nemi yafiyar da shi bai nema ba. Kuma Baba ya yafe. Wa ya yafe wa ke nan?

Waya ta sake ƙara.

"Yallaɓai, Minista da kansa ne."

"Kashe."

"In kashe wa Minista?"

"Ki hau ki ɗauki takardar ki kai masa. Ki ce a ɗage, ko wani ya karanta, ko a jefa ta a shara, duk ɗaya. Ni na tafi." Ya juya ga yayarsa. "Maƙwabciyar tana gida? Ta ga lambar motar?"

"Ita da ba ta ganin lambar gidanta?"

"To launi. Ko ta ina suka bi. Daga can mu wuce wurin 'yan sanda. Ke kuma," ya nuna Uwar Fayil, "ki kira masu gadi su duba hoton duk wanda ya shigo ɗakin nan. Dogo, gajere, mai gemu, marar gemu, duka."

Ya karɓi ledar maganin daga hannun Yaya ya nufi ƙofa.

Kafin ya kai, aka ƙwanƙwasa. A hankali, cikin ladabi, kamar mai tsoron tada jariri.

Ƙofar ta buɗe. Wata mata ce, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba, cikin shiga mai tsada marar hayaniya. Kati na rataye a wuyanta, a juye. Ta yi sallama, ta gaida Uwar Fayil, ta gaida mai furfura, ta ɗan rusuna wa Yaya.

Dokta ya waiwayi Uwar Fayil. Ta girgiza kai.

"Ban taɓa ganinta ba," ta ce ƙasa ƙasa.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," matar ta ce wa Yaya. "Baba ya karya, ya yi wanka, yanzu haka yana faɗa da mai haɗa masa keke. Maganin ne kawai ya ce yana wurinki." Ta miƙo hannu wajen ledar. "Kawo in kai masa."

Yaya ta yi kanta. Dokta ya tare ta da hannu ɗaya, ya ɓoye ledar a bayansa da ɗayan.

"Ke wace ce? Ina mahaifina?"

"Za mu zo kan wannan maganar, Dokta. Na ji kana cewa a ɗage taro." Ta yi murmushi, ta matsa gefe ta buɗe masa hanya zuwa matakala. "Kada ka ɗage. Ka hau, ana jiranka. Zan raka ka, mu ɗan yi magana a hanya kan abin da za ka faɗa musu game da harajin nan."